Taswira ta ce ya buɗe kwana da mita 2, amma da gaske ne? Lamarin direba biyu a mota ɗaya

Wasan otokuros dai a Amurka ya fi ƙarfi, kuma in baka taɓa gani ba kar ka ɗauka irin tseren nan ne da motoci ke jeruwa suna gogayya da juna, a'a, ɗaya-ɗaya ake sakinsu da tazara, kowa ya bi hanyar da aka zana da robobin nan masu ruwan lemo da ake jerawa a titi in ana gyara, a filin ajiye motoci ko tsohon filin jirgi, kai da agogo kawai. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti ɗaya da wani abu ba, gudun ma ba na tashin hankali bane, yawanci a giya ta biyu ake gama komai. Amma ka ture roba ɗaya, ko ka fitar da ita gaba ɗaya daga ɗan akwatin allin da aka zana mata a ƙasa, an ƙara maka sakan 2 kenan, alhali agogon hukuma yana ƙirga har kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ƙungiyar SCCA, wato ƙungiyar masu wasan motoci ta Amurka, ce ke shirya gasar ƙasa tun 1973, kuma tun 2009 a Linkon ta jihar Nebraska ake yinta duk watan Satumba, a kan shimfiɗeɗen kankaren wani tsohon sansanin sojan sama, direbobi sama da 1,000 ke taruwa. Hanya biyu ce, kowacce gwaji uku, a ɗauki mafi kyau na nan a haɗa da mafi kyau na can.

Gwaji uku fa kawai, kuma hanyar sabuwa ce duk lokacin gasa, ba a barinka ka gwada ta da mota, sai dai ka zaga ta da ƙafa. Shi yasa mutane suka rungumi na'urar naɗar bayanai, ɗan akwatin GPS a manne a gilashi ko a saman mota yana tura bayani zuwa waya ko tablet, ka fito daga zagaye ka duba inda lokaci ya zube kafin a sake kiranka. Kuma da yake doka ta yarda mutum biyu su yi gasa da mota ɗaya, babu abinda ya kai ɗora zanen wannan a kan na wancan daɗi, tunda mota ɗaya ce, taya ɗaya, rana ɗaya, bambancin direba ne kawai.

To lamarin da zan bi shine wannan, kuma alƙaluman na sauƙaƙa su ne da gangan yadda kowa zai iya bin lissafin da kalkuletar wayarsa. Mota Mazda Miata, mai motar da abokin tuƙinsa, fili buɗaɗɗe irin na Linkon wanda ba bene ba bishiya, wato GPS bashi da wani uzuri. Na'urarsu mai ɗaukar bayani sau 10 a sakan ce, sun kuma jona wata ƙaramar a soket ɗin OBD na ƙarƙashin sitiyari, inda makanikai ke jona kwamfuta, tana karanto gudun da motar ke faɗa da kanta. Agogon hukuma ya ce mai motar ya fi abokin da sakan 0.3, babu wanda ya taɓa roba. Suka buɗe manhaja, sai ga abu uku da basu jitu ba. Taswira ta nuna abokin ya buɗe wata babbar kwana mai juyawa baya gaba ɗaya, wato ya yi waje, da kusan mita 2, a silalom kuma, wato jerin robobin da ake saƙa mota tsakaninsu hagu dama, layinsa ya bi ta kan robobin ne tsaf kamar ya tattake su duka, alhali masu kula da hanya basu ɗaga masa ko ɗaya ba. Lokacin da manhajar ta basu shima bai yi daidai da na hukuma ba. Gudun OBD da na GPS kuma kowa da abinda yake faɗa, musamman wajen fitowa daga kwana. Mai motar ya tsaya a kan cewa maganar ta ƙare, buɗe kwanar ne ya cinye lokacin, abokin kuma yace shi dai ya san ya matse robar ciki har yana jin tsoron kar tayar baya ta ɗauke ta.

Abu na farko da ya kamata mai motar ya tsaya a kai shine silalom ɗin nan. Taswirar da ta ce mutum ya bi ta kan roba biyar kuma robobin suna tsaye, ai ta riga ta gaya maka cewa ta goce, to me yasa zaka yarda da ita a kwanar da ke gaba?

Dalilin gocewar ba wani ɓoyayyen abu bane. Taurarin GPS suna can sama kilomita kusan 20,200, na'urarka tana auna tsawon lokacin da sigina ta ɗauka kafin ta iso daga kowanne, ta mayar da shi nisa, ta haɗa na aƙalla huɗu ta fitar da inda kake. Siginar nan sai ta ratsa ayonosfiya, wani sashe na sararin sama mai cike da caji wanda ke jinkirta ta, kuma jinkirin yana canzawa da lokacin yini da yanayin rana, ga ɗan kuskuren agogon tauraron da na hanyar da yake bi, ga siginar da ke dukan tirela ko bango ta dawo ta shigo eriya a makare. Taurarin ma ba a tsaye suke ba, kowanne yana zaga duniya cikin kusan awa 12, wannan na faɗuwa wancan na ɓullowa, duk sanda jerin waɗanda na'urar ke amfani dasu ya canza sai amsar ta ɗan matsa. Shafin gwamnatin Amurka na GPS da kansa cewa yayi wayar hannu a buɗaɗɗen fili tana iya samunka ne a cikin da'irar mita 4.9. Kafin watan Mayun 2000 ma, lokacin da ake lalata siginar farar hula da gangan, kuskuren yana kaiwa mita 100, don haka amfani da GPS a irin wannan aikin bayan nan ya samu. Yanzu da WAAS, wato siginar gyaran kuskure da ake watsowa a Amurka, da ƙarin taurarin Glonass na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na China, na'ura mai kyau tana saukowa wajen mita 1 zuwa 2. Madalla, amma faɗin Miata kanta wajen mita 1.7 ne, kuma abinda direbobin ke musu a kai taƙi ɗaya ne ko biyu tsakanin taya da roba.

Sai dai akwai wani abu a nan da mutane da yawa basa lura dashi, kuma shine ya sa taswirar bata zama ta banza ba. Kuskuren nan a hankali yake tafiya. Cikin minti ɗayan da zagaye ke ɗauka kusan a wuri ɗaya yake, in ya tura ka mita ɗaya da rabi gabas a farko to haka zai tura ka har ƙarshe, ko kusa da haka. Kenan siffar zanen zagaye ɗaya tana da kyau, inda aka ajiye zanen a doron ƙasa ne ba tabbas. Tsakanin zagayen mai motar da na abokin kuwa an canza direba, an gyara kujera, an canza lambar jikin mota, an fesa wa taya ruwa, mintoci sun wuce, sama ta canza. Sai zanen abokin ya matsa gaba ɗayansa gefe guda. Yadda zaka gane haka da ido: duba kwanonin da suke kallon juna. In a kwanar gabas ya "buɗe" da mita 2, a ta yamma kuma ya "yanke" ta cikin roba da kusan haka, to ba tuƙi bane, zanen ne ya zame gabas. Direban da ke buɗe kwana da gaske waje yake fita a duk biyun.

Da suka ja zanen abokin suka daidaita shi da na mai motar a wurin tashi, inda kowa ya san duk su biyun a layi ɗaya ma'aikacin ya tsayar dasu, silalom ya koma daidai, layin ya dawo yana saƙa tsakanin robobi. Buɗewar kwanar kuma ta ragu sosai amma bata ɓace ba. Nan ne fa aikin ya fara, don saura nawa ne na gaske?

Anan sai a bar taswira a koma layin gudu, wato zanen da manhaja ke nuna hawa da saukar gudun mota, don gudu GPS ba daga taswira yake ciro shi ba. Da ace raba nisan ɗigo biyu na taswira yake da lokaci da abin ya lalace, kaga a sau 10 a sakan, rawar santimita 10 kacal tsakanin ɗigo da ɗigo zata zama kuskuren mita 1 a sakan, wato kilomita 3.6 a awa, layin duk ya zama zaƙo-zaƙo. Abinda yake yi shine amfani da abin nan da Christian Doppler ya bayyana a 1842, irin yadda jiniyar motar asibiti ke yin tsini in tana tahowa sannan ta yi kauri da ta wuce ka. Siginar GPS ta gama-gari da ake kira L1 tana kaɗawa sau miliyan 1,575.42 a sakan, tsawon kaɗawa ɗaya wajen santimita 19, to duk mita 1 a sakan da ka ƙara wajen dosar tauraro sai kaɗawar ta ƙaru da 5 da ɗan ɗoriya, kuma na'urar tana iya jin abinda bai kai kaɗawa ɗaya ba. Jinkirin ayonosfiya da ya gurɓata taswira kusan bai taɓa wannan ba, tunda shi canjin da ke faruwa yanzu-yanzu ake aunawa, jinkirin kuma kusan a tsaye yake cikin sakan ɗaya. Shi yasa kamfanin Racelogic ke rubuta kilomita 0.1 a awa a matsayin daidaiton gudu na na'urorinsu na VBOX. Ƙananan na'urori ba lallai su kai nan ba, balle mota tana tsalle a gaɓar kankare, amma ko sun ninka haka sau uku har yanzu sun fi ƙarfin abinda ake nema. Na'ura ɗaya, taurari ɗaya, wuri da kuskuren mita, gudu da kuskuren da bai kai tafiyar kunkuru ba.

To ga yadda gudu ke tona asirin layi. Mu ce kwanar rabin da'ira ce, mai motar ya zaga ta a tazarar mita 20 daga tsakiya, tayar kuma tana riƙe G ɗaya a gefe, wato mita 9.8 a sakan a kowane sakan. Iyakar gudun da zai iya shine tushen 9.8 sau 20, mita 14 a sakan, kilomita 50.4 a awa. Tsawon hanyarsa mita 62.8, lokacin sakan 4.49. In abokin ya buɗe da mita 1 tak, tazararsa 21, gudunsa zai hau zuwa mita 14.35 a sakan, kilomita 51.6 a awa, hanyarsa kuma mita 66, lokacin sakan 4.60. Ya fi gudu kuma ya fi daɗewa, sakan 0.11 ya tafi. Wannan yana cikin abubuwan da ke ruɗa sabon shiga, ya ga lambarsa ta fi a tsakiyar kwana ya ɗauka ya burge. Da buɗewar ta kai mita 2 da gaske kamar yadda taswirar farko ta ce, bambancin gudun zai kai wajen kilomita 2.5 a awa, hanyar ta ƙaru da mita 6 da wani abu. A layin gudunsu bambancin tsakiyar kwanar kilomita 1 da ɗan kai ne. Akwai kuma hanya ta biyu ta tabbatarwa wadda ni na fi so: GPS yana bada inda motar ta dosa, shima daga Doppler, sai ka ɗauki daga lokacin da ta fara juyawa zuwa lokacin da ta cika digiri 180, ka tara nisan da ta ci a tsakani daga layin gudu. Na abokin ya fi da wajen mita 3. Mita 3 a rabin da'ira buɗewar mita 1 ce, ko ka duba taswira ko kar ka duba.

Kenan duk su biyun kowa ya kama wani ɓangare. Abokin ya buɗe, amma rabin abinda aka zarge shi, kuma hakan bai hana ace ya matse robar ciki a daidai inda yake tunawa ba, don mutum yana iya matso roba a tsakiya ya saki motar ta yi waje a shiga da fita. Kuma 0.11 bai kai 0.3 ba. Saura fa?

Saura yana gaban kwanar, wajen birki, kuma nan ne yawan ɗaukar bayani a sakan yake nuna amfaninsa. Suna isowa da kilomita 80 a awa, mita 22 a sakan. GPS ɗin da ke cikin yawancin wayoyi sau 1 yake bada bayani a sakan, wato ɗigo ɗaya duk mita 22, kuma birki mai ƙarfin G ɗaya yana zubar da kilomita 35 a awa cikin sakan guda, daga 80 zuwa 50 duk cikin ƙasa da sakan ɗaya ake gamawa, to wayar zata iya ganin 80 ta ga 50 bata ga komai a tsakani ba. A silalom ma haka, dokar SCCA mafi ƙarancin tazarar robobi ƙafa 45 ce, in an basu mita 20 kana wucewa da kilomita 65 a awa kusan ɗigo ɗaya kake samu duk roba, sai manhaja ta zana maka wani lanƙwasa na son ranta. Sau 10 a sakan, irin na Garmin GLO ko Dual XGPS160, ɗigo ne duk mita 2.2 a wancan gudun. RaceBox Mini mai 25 kuma duk santimita 89. A nasu mai 10, layin abokin ya fara gangarowa ɗigo biyu kafin na mai motar, mita 4.4 kenan, mu ce 5, ya sauko 50 da wuri ya tafi a haka yana jiran kwana ta iso. Mita 5 a gudun 14 maimakon 22, sakan 0.36 maimakon 0.23, an rasa 0.13.

Amma a kula, ɗigo biyun nan ba a yarda dasu haka kawai. Manhaja tana jera layukan ne bisa nisan da aka ci daga farawa, kuma in mutum biyu basu bi layi ɗaya ba nisansu baya zama ɗaya, duk kwanar da ɗaya ya buɗe ya ƙara mitoci, sai kaga zuwa ƙarshen hanya layinsa ya ja baya kamar komai a makare yake yi. Zagayen minti ɗaya a matsakaicin kilomita 60 a awa kilomita 1 ne, kashi 1 cikin 100 na bambanci mita 10 ne, ya ninka abinda muke nema sau biyu. Wasu manhajojin suna daidaitawa da wurin GPS maimakon nisa, sai kuma zamewar taswira ta shigo ta wannan ƙofar. Maganin dai a sake ɗaure layukan biyu a wani abu na kusa wanda duk su biyun dole suka yi a wuri ɗaya, kamar juyin sitiyari na robar ƙarshe a silalom, daga nan a ƙirga zuwa birki. Da suka yi haka ɗigo biyun suna nan. Bidiyon kyamarar da ke manne a mota shima ya nuna hancin motar ya duƙa kafin robar da mai motar yake wucewa tukun ya taka, kuma gaskiya a maganar "ina motar take" kyamara mai arha ta fi GPS mai tsada, don ita robar kanta take gani.

0.11 da 0.13 sun bada 0.24. Ragowar 0.06 ɗin ni bazan ɗora ta a kan komai ba, bata kai tazarar ɗigo ɗaya na na'urar ba, duk wanda ya nuna maka wani ɗan lanƙwasa a allo yace ga inda ta tafi, labari yake baka.

Maganar lokacin manhaja da bai yi daidai da na hukuma ba kuma mai sauƙi ce. Hukuma haske take harbawa a ƙetare hanya, hancin mota ya yanke shi agogo ya tashi, ya yanke na ƙarshe ya tsaya. Manhaja kuma wani layi ne na ƙirƙira a taswira, taswirar da muka ce tana zamewa. A ƙarshen hanya da gudun mita 22 a sakan, zamewar mita 2 sakan 0.09 ce. A farko abin ya fi muni, don hasken farawa 'yan mitoci ne gaban inda aka tsayar da kai, motar bata wuce mita 5 a sakan ba, mita 2 a nan sakan 0.4 ce, ta fi duk tazarar da ke tsakanin direbobin. Shi yasa manhajojin da aka yi don wannan wasan musamman, irin su SoloStorm, suke iya fara ƙirga daga lokacin da suka ji motar ta fizga maimakon jiran layin taswira. Ko da haka lokacin da ke allon sakamako shine lokaci, na manhaja na raba hanya gida-gida ne kawai.

Sai gudun OBD. Wannan tun daga tsarinsa bai dace da aikin ba, lambar gudu a ƙa'idar OBD-II cikakkiyar lamba ce daga 0 zuwa 255 na kilomita a awa, babu ɗigo kaza, to bambancin 1.2 da muka dogara dashi a kwana zai iya fitowa 1 ko 2, kuma 'yan na'urorin bulutut ɗin nan tambaya suke aikawa su jira amsa, in ka haɗa da juyin inji da totur sai kowanne ya riƙa zuwa jefi-jefi kuma a makare. Jinkirin sakan 0.2 a cikin birki kilomita 7 a awa ne. Sannan ita mota juyin taya take ƙirgawa ba tafiyar ƙasa ba. Ka canza girman taya lissafi ya canza, kashi 2 cikin 100 a kilomita ɗaya mita 20 ne, tazarar roba guda a silalom. A kwanar nan tamu, tayar waje da ta ciki da ke da tazarar kusan mita 1.5 gudunsu ya bambanta da wajen kilomita 3.8 a awa. In ka taka totur wajen fita tayar baya ta ciki ta yi sauƙi ta fara juyawa a banza, OBD sai ya nuna gudu ya tashi alhali motar bata je ko'ina ba. Malejin gaban direba kuwa kar ma a kawo shi, a ƙa'idar Turai an yarda ya ƙara har kashi 10 cikin 100 da kilomita 4 a kai, ragewa ce aka hana. Amfanin OBD a nan ɗaya ne kuma babba: inda layinsa ya rabu da na GPS ya yi sama, nan taya ta zame. A zagayen mai motar an ga haka wajen fita daga kwanar, wato shima da ya ci yana da abin gyara.

Akwai wani tarko da saura kaɗan ya rushe lissafin kwanar gaba ɗaya, shine inda aka manna na'urar. A kwanar mita 20 da gudun 14, motar tana juyawa wajen digiri 40 a sakan. In eriya tana gefe da rabin mita daga tsakiyar mota, a kwanar da ta faɗo ta waje zata ƙara mita 0.35 a sakan, kusan kilomita 1.3 a awa, in ta faɗo ta ciki ta rage haka. Daidai girman bambancin da muke aunawa kenan. In duk su biyun a wuri ɗaya suka barta babu matsala, kuskuren ɗaya ne ya soke kansa. Amma direbobi suna da halin matsar da ita wajen canji, wannan yace ta tare masa gani ya maida ta ɓangaren fasinja, shikenan an ƙirƙiro bambancin da babu shi. A wannan lamarin ba a taɓa ta ba, shi yasa lissafin ya tsaya. Wurinta na gaskiya saman rufin mota a tsakiya inda take ganin sama ko'ina, don a bayan gilashi rufin yana tare rabin taurarin, kuma duk juyin da motar tayi waɗanda ake gani suna canzawa. Miata mai rufin tamfol sai dai a nemi tsakiyar bayan kujeru ko kan but. A kuma kunna ta da wuri ta zauna a fili ta kama taurari sosai kafin a kira lamba, ba a kunna ana kan layi ba.

Wani zai ce to a sayi wadda bata zamewa mana. Akwai, RTK, ka kafa tasha a gefen fili a wurin da bata motsi, tana aiko wa ta cikin mota gyara nan take, kuskure ya sauko santimita kaɗan, kamfanonin ƙera motoci da ita suke gwaji. Masu kama zangon sigina biyu, L1 da L5, suma suna rage matsalar ayonosfiya sosai tunda jinkirin ya bambanta a zangon biyu ana iya lissafa shi a cire, har wayoyi sun fara zuwa da haka tun Xiaomi Mi 8 a 2018. Amma ko ka san inda motar take da santimita, sai ka san inda robobin suke da santimita, wato wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya auna, kuma taswirar da masu shirya gasa ke rabawa zane ne na nuna hanya, hoton sama na Google da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi shima yana iya gocewa da nasa mitocin. Ga mai gwaji uku da 'yan mintoci a tsakani, wannan wahalar bata biya ba.

Abinda suka shiga zagaye na gaba dashi gajere ne. Abokin zai riƙe totur har robar da mai motar ke taka birki, ya kuma shigo kwanar a matse tun daga bakinta ko da lambar tsakiyar zata sauka zuwa 50. Mai motar zai jinkirta taka totur kaɗan wajen fita har sitiyari ya fara miƙewa. Na'urar an ɗaure ta da tef a inda take, kuma kafin su kalli taswira sai sun fara daidaita ta a layin tashi.